Kuɗin keke da kuɗin data: yadda mazaunin Bauchi yake biya sau biyu

A ƙarshen kowane wata, da zarar albashi ya shigo, ni da uwargida mukan zauna bayan sallar isha'i mu karkasa shi a bangon wani tsohon littafin rubutu na yara: ga na masara da shinkafa, ga na cefane, ga na wuta, ga na makaranta, ga ɗan abin da ake ɓoyewa saboda lalurar asibiti. Shekara goma da suka wuce babu wani layi mai suna data a cikin wannan lissafi, kuɗin abin hawa kuwa bai taɓa samun layin kansa ba, domin canjin da ya saura a aljihu ne yake biyansa. A yau waɗannan biyun, idan aka haɗa su wuri guda, sun zarce abin da hayar gidanmu take kamawa a wata. Mai gidan haya aƙalla na san fuskarsa, ina iya zuwa in gaishe shi in roƙi arzikin ya ɗaga mini ƙafa zuwa sabon wata. Waɗannan sababbin masu karɓar hayar kuwa ba su san lamuni ba.

Ina zaune a Rafin Zurfi, bayan Yelwa a kan hanyar Dass, wurin aikina kuma yana can wajen Fadamar Mada. Kwanakin baya 'yata ta sami gurbin karatu, aka ce ta shiga shafin makarantar ta cike takardun rajista, ta biya kuɗi kafin ranar Juma'a. Na saya mata data mai yawa da nufin ta gama komai daga ɗaki, ta huta da zirga-zirga. Tun daga magariba har kusan ƙarfe goma sha ɗaya na dare tana fama. Ta fita tsakar gida, ta hau kan turmi ta ɗaga wayar sama, ta koma bakin ƙofa inda maƙwabta suka ce sabis ya fi kamawa, amma shafin sai ya buɗe rabi ya tsaya, hoton da aka ce ta ɗora kuma ya kusa kaiwa ƙarshe ya koma farko. Da ta gaji sai ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, datar fa ta kusa ƙarewa, kuma ko shafin farko ban wuce ba." Washegari na ba ta kuɗin keke zuwa wani shagon kwamfuta a cikin gari. Ta tarar babu wuta, mai shagon ya ce sai mutane sun taru kafin ya tayar da janareta, kuɗin aikin ma ya ƙaru saboda mai. Da aka zo biya, banki ya cire kuɗin amma bai nuna a wajen makarantar ba, dole ta sake hawa wani keken zuwa reshen bankin ta bi layi. Aikin da aka ce an mayar da shi intanet domin a sauƙaƙa wa jama'a ya ci data, ya ci kuɗin keke zango biyar, ya ci ladan mai shago, ya kuma ci yini biyu cur.

Abin da nake kira biya sau biyu ke nan. An yi mana alkawarin cewa waya za ta rage mana fita, muka yarda muka saya, sai ga shi muna biyan kuɗin zama a gida, muna kuma biyan kuɗin fitar da aka ce mun huta da ita. A ganina, hawa abin hawa a cikin gari da samun intanet mai ƙarfi a gida sun riga sun shiga sahun ruwan famfo da wutar lantarki, wato abubuwan da birni ba ya zaunuwa sai da su, amma har yanzu mahukunta suna kallonsu a matsayin harkar 'yan kasuwa wadda kowa zai ji da kansa. Kuma ko da yake ana tattauna su daban-daban, titi ɗaya suke bi: bas a samansa, igiyar intanet a ƙarƙashinsa.

Kowa ya san ranar da lissafin abin hawa ya rikice. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na rantsuwa cewa tallafin man fetur ya ƙare, kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yuli na wannan shekara ta kai 617, a watan Oktoban 2024 kuma ta tsallake 1,000. Sakin naira ta nemo darajarta a kasuwa, wanda aka yi a watan Yunin 2023, ya ɗaga dala daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a shekarar da ta biyo baya, kuma da yake keke da tayarsa da fistin ɗinsa duk daga waje ake shigo da su, kayan gyara suka bi sahun mai. Zangon da nake biya wa naira 100 a da, yanzu sai na ajiye 300. Ni kuwa zango biyu nake yi kafin in isa wurin aiki, ɗaya daga gida zuwa Wunti, ɗaya daga Wunti zuwa gaba. Zuwa da dawowa 1,200 ke nan a rana, idan aka ninka da kwanakin aiki 22 ya zama 26,400 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'ana, masinja ko mai shara da yake zaune a unguwarmu yana miƙa fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa domin kawai ya isa inda zai nemi albashin, tun kafin a yi maganar kuɗin keken yara zuwa makaranta ko na uwargida zuwa awo. Shi ya sa ake ganin dattawa da hula da 'yar jakar takardu suna takawa a gefen kwalta tun da sassafe, kuma shi ya sa a ofisoshi da yawa abokan aiki suke raba kwanakin zuwa a tsakaninsu a asirce, kowa ya sani, kowa ya kawar da kai.

Sauƙin abin shi ne a zagi ɗan keke, kuma ni ma na sha yin haka, har ranar da na zauna a gaba kusa da wani matashi da ya ɗauko ni daga Wunti da yamma. Na yi masa ƙorafin tsada, sai ya ce, "Baba, wallahi keken nan ba nawa ba ne. Kullum sai na kai wa mai shi balas, ko na yi ciniki ko ban yi ba. In sha mai, in yanki tikitin ƙungiya, in ba mai faci, abin da ya saura shi nake kai wa gida. Jiya da ɗari takwas na kwana." Ban san ko ya ƙara gishiri ba, amma lissafinsa ya tsaya da ƙafafunsa, domin larurar tana cikin ƙirar abin hawan ne. Keke inji ɗaya ne da direba ɗaya, yana ɗaukar mutum uku a baya, ɗaya ya raɓa a gaba. Duk man da aka ƙona da duk abin da direba zai ci da balas ɗin mai shi, a kan waɗannan mutum huɗun za a raba. Bas mai ɗaukar mutum talatin tana shan mai fiye da keke, amma ba ta sha ninki bakwai, kuma direba ɗaya da kwandasta ɗaya ne suke ci a cikinta. Garin da ya dogara kacokan a kan keke da acaɓa ya zaɓi hanya mafi tsada ta ɗaukar mutum guda daga nan zuwa can. Lokacin da mai yake da araha, tallafi ne yake rufa wa wannan zaɓi asiri. Da aka yaye tallafin sai asirin ya tonu.

Akwai kuma abin da ya ƙara dagula lamarin, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne yadda garin ya miƙe. Bauchin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19 gari ne na cikin ganuwa, wanda mutum zai iya ratsa shi da ƙafa daga Ƙofar Ran zuwa Ƙofar Wambai ba tare da ya nemi ruwan sha ba. Bayan da ya zama babban birnin jiha a 1976, sai ya fara zubowa waje ta kowace ƙofa. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ja jama'a zuwa Yelwa, daga baya kuma zuwa Gubi a kan hanyar Ningi, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta raya Gwallameji, gidaje suka bi hanyar Jos har Miri, suka bi hanyar Gombe har Inkil, suka bi hanyar Dass har Bayara. Wanda ya je bayan gari ya sayi fili ko ya kama haya, rashin ƙarfin zama a tsakiya ne ya kai shi. Yana murna ya sami ɗaki mai sauƙi, bai san cewa rarar da ya samu a wajen mai gida zai riƙa mayar da ita kullum safiya a hannun ɗan keke ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai hali, wanda yake da motar kansa, shi ne a kusa da ofis da kasuwa da babban asibiti, talaka kuma shi ne mai doguwar tafiya.

Ba zan ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin jiha ta hana acaɓa, ta kuma raba keke napep a matsayin bashi domin matasa su sami madadin sana'a, ko da yake duk mai ido ya ga yadda babura suka dawo kan titi. An faɗaɗa tituna, an shiga aikin gadojin sama a Wunti da Babbar Kasuwa, kuma wanda ya san yadda Wunti take cushewa da yamma ba zai raina wannan aiki ba. Sai dai gadar sama tana sauƙaƙa wa wanda ya riga ya sami abin hawa ne, ba ta rage ko sisi daga kuɗin da mai jiran keke zai biya. Rabon keke kuwa tsarin samar da aikin yi ne, sunansa ma ya nuna haka, tun da ya samo asali ne daga shirin yaƙi da talauci na NAPEP na zamanin Obasanjo. Ana ƙirga nasararsa da yawan matasan da suka sami abin tuƙawa, ba a taɓa ƙirga ta da abin da fasinja yake biya ba. Muna da Yankari Express, maƙwabtanmu suna da Gombe Line, kuma dukansu sun yi suna wajen kai mutum Jos ko Kano ko Abuja. Abin mamaki, ya fi sauƙi mutum ya sami motar gwamnati mai tsayayyen farashi zuwa wata jiha fiye da ya same ta daga Yelwa zuwa kasuwar Muda Lawal.

Abin da nake nema ba jirgin ƙasa na cikin gari ba ne, ko da yake duk lokacin da na bi ta unguwar Railway na ga layin dogon da ya iso garin nan tun farkon shekarun 1960 yana kwance ciyawa ta rufe shi, sai zuciyata ta sosu. Bauchi ta yi sa'ar da manyan birane da yawa ba su yi ba: manyan hanyoyinta ƙalilan ne, kuma kusan dukkansu suna haɗuwa a tsakiya. Hanyar Dass, hanyar Jos, hanyar Ningi, hanyar Maiduguri da hanyar Gombe, su ne jijiyoyin garin. A sa manyan bas-bas a kan waɗannan, kowace da lambarta da launinta, da wuraren tsayawa masu rumfa, da farashi guda da aka rubuta a jiki, da lokacin tashi wanda ba ya jiran sai mota ta cika. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan al'amarin, domin ma'aikacin da zai sa hannu ƙarfe takwas ba zai amince da motar da ba a san lokacin tashinta ba, ko da kyauta ce. Legas ta fara irin wannan tsari tun 2008, a garin da ya ninka namu cunkoso da rikici sau da yawa.

Na san abin da za a ce mini, domin ni ma na ga gawarwakin motocin gwamnati a bayan ma'aikatu, an ɗora su a kan duwatsu, an kwashe tayu, awaki suna shan inuwa a ƙarƙashinsu. An saba a sayo bas-bas gab da zaɓe ko bayan ƙarin kuɗin mai, a yi musu fenti da hoton mai girma, a yanka kirtani, bayan shekara biyu a neme su a rasa. Wannan tsoro yana da hujja. Amma abin da yake kashe su sananne ne: ana ware kuɗin saye ba a ware na gyara, kuɗin da aka tara a hannu yana zurarewa tsakanin kwandasta da akawu, kuma babu wanda zai rasa aikinsa idan mota ta kwana a gareji. Maganinsa shi ne gwamnati ta riƙe hanya da farashi da sa ido, ta bar tuƙi da gyara a hannun waɗanda za a biya su gwargwadon zuwa da dawowar da motarsu ta yi a rana, ta yadda motar da ta kwanta asarar mai ita ce. A kuma fara ba ƙungiyoyin direbobi da na 'yan keke damar shiga a matsayin masu hannun jari, domin duk tsarin da aka ƙulla a bayan idonsu su ne za su fara kwance shi, kuma suna da gaskiyarsu, tun da abincinsu ne. Keke ba zai mutu ba. Bas ba za ta shiga lungunan Jahun ko cikin Rafin Zurfi ba, aikin keke ne ya kwaso mutane daga lungu ya kawo su bakin titi, gajeren zango mai saurin juyawa wanda ba ya cin mai. Batun mayar da motoci masu amfani da iskar gas da gwamnatin tarayya take yi tun 2023 kuwa, zan yi murna da shi ranar da na ga inda za a riƙa shan iskar a wadace, domin bututun da aka shimfiɗa daga Ajaokuta ta Kaduna ya nufi Kano, bai biyo ta wajenmu ba.

Labarin data ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan sai na yi wa kamfanonin waya adalci kafin in yi musu ƙorafi. Waɗanda suka ga zuwan wayar salula a 2001 suna tuna lokacin da layi kaɗai yake kamawa naira dubu ashirin ko fiye, ana kuma cajin kira da minti ko da gaisuwa kawai aka yi, har sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Daga nan farashi ya yi ta sauka. A watan Janairun 2025 ne hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan kamfanonin sun nemi a ninka, kuma shi ne irinsa na farko tun 2013. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6, kira da data suka bi. Ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga, daga baya ƙura ta lafa. Hujjar kamfanonin ita ce kowane ƙarfen sabis da muke gani yana da janareta a gindinsa yana shan dizal dare da rana, kayan aikinsu kuma da dala ake saye. Wanda ya zauna a garin nan a watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta kwashe kwanaki a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, ya san cewa wannan hujja ba ƙarya ba ce.

Ƙorafina ya fi karkata ga abin da ake ba ni bayan na biya. Idan na sayi mudun shinkafa a Muda Lawal, ina ganin mudun, ina ganin an cika shi har ya yi tozo, kuma ba wanda zai biyo ni gida bayan kwana talatin ya ce sauran da ban dafa ba ta zama tasa. Data kuwa ba na ganin mudunta, tana ƙonewa a kan shafin da bai buɗe ba kamar yadda take ƙonewa a kan wanda ya buɗe, kuma idan wa'adinta ya cika ban sabunta a kan lokaci ba, ragowar ta tafi. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin da ɗan Gombe, Farfesa Isa Ali Pantami, yake ministan sadarwa, ya sa burin cewa gigabait ɗaya kada ya wuce naira 390, saurin intanet a birane kuma ya kai megabit 25 a daƙiƙa. Buri ne mai kyau. Sai dai ina gayyatar duk mai son gwada shi ya zo ƙofar gidana da ƙarfe tara na dare, lokacin da ɗaliban da suka cika unguwar suka koma ɗakunansu, kowa ya buɗe waya, dukkanmu muna rataye a ƙarfe guda.

A nan ne asalin matsalar take. Abin da yawancinmu muke kira intanet na gida, wayar maigida ce da ake kunna wa yara su jona, ko wata 'yar na'ura da ake sa wa layi a rataye ta a taga. Dukansu daga ƙarfen sabis suke sha, kuma ƙarfe kamar rijiya ne, gwargwadon yawan masu jefa guga gwargwadon yadda ruwan yake ja da baya. Intanet na gida na gaskiya shi ne wanda igiyar fayiba take shigowa da shi har cikin ɗaki, a biya kuɗin wata guda, kowa ya yi amfani ba tare da ana leƙa ragowa ba. Manyan igiyoyin da suka ratso ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 da Equiano da ta iso a 2022, a Legas suka sauka. Kafin abin da suka ɗauko ya iso Bauchi sai an binne igiya ta ratsa jihohi da dama, kowace jiha kuma tana da ikon karɓar kuɗin haƙa a gefen titunanta. An daɗe da yin matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma sai a 2020 wasu jihohi suka fara sauko da nasu zuwa hakan, Kaduna ma ta yafe gaba ɗaya. Ko an yafe wannan kuɗi, haƙar kanta tana da tsada, kuma kamfani ba zai fasa kwalta ya ja igiya zuwa Bayara domin gida hamsin ba. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ya tsallake wannan matsala ta hanyar tauraron ɗan'adam, amma na'urarsa ta dubban ɗaruruwan naira ce, kuɗin watansa kuma ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi. Na ga wasu matasa a unguwannin ɗalibai sun haɗa kuɗi sun saya suna sayar wa maƙwabta da awa, dabara ce mai kyau, amma tana nuna girman ramin da aka bari ne.

Wani dattijo da muke sallar asuba tare ya taɓa ce mini, "Malam, ku daina kuka da tsadar data, in ta yi tsada yara sa rage kallon shirme." Na fahimci damuwarsa, kuma ba zan musa cewa kaso mai yawa na datar gidana a kan TikTok da bidiyon barkwanci yake ƙarewa ba. Amma na tuna masa cewa tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, cewa duba sakamako da neman gurbi da neman aiki duk sun koma waya, cewa tun ƙarshen 2020 aka ɗaure layin kowa da lambarsa ta zama ɗan ƙasa, kuma cewa a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, shi da kansa ya tsaya a gaban mai nama yana jiran alat ya shigo kafin a miƙa masa ƙullinsa. Matan aure nawa ne a unguwarmu suke sayar da atamfa da turaren wuta da dambun nama ta WhatsApp ba tare da sun taka ƙofar gida ba? Hukuma ce da bankuna da makarantu suka rufe tagar da ake zuwa da takarda, suka ce a bi ta intanet. Wanda ya rufe tsohuwar hanya, a wuyansa yake ya tabbatar sabuwar tana biyuwa.

Ga inda nake ganin gwamnatin jiha take da iko a hannunta, ba sai ta jira Abuja ba. Farashin mai da darajar naira da kuɗin kira duk sun fi ƙarfin gidan gwamnatin Bauchi, amma titi nata ne. Duk lokacin da aka ba da kwangilar sabon titi ko faɗaɗa tsoho, ana haƙa magudanar ruwa a gefe, katafila tana wurin, ma'aikata suna wurin, ƙasa a buɗe take. Abin da zai ci a shimfiɗa bututun roba fanko a cikin wannan rami kafin a rufe, ƙalilan ne idan aka gwada da kuɗin kwalta. Daga baya duk kamfanin da yake son kawo fayiba sai ya zura igiyarsa a ciki ya biya haya kaɗan, ba tare da ya fasa titin da aka kashe biliyoyi a kansa ba, ƙananan kamfanoni na 'yan gida ma su sami damar shiga gasar, wadda ita kaɗai ce take saukar da farashi da gaske. Gwamnatin tarayya tana maganar shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa, kuma idan ta tabbata za ta kawo ta bakin gari ne, rarraba ta cikin unguwanni zai dogara ga abin da aka tanada a ƙarƙashin titunanmu. A fara da makarantu da asibitoci da ɗakin karatu na jiha da manyan kasuwanni, a buɗe wa ɗalibai wurin da za su zauna su cike takardunsu kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Rumfunan jiran bas ɗin da na ambata ma suna kan wannan layi ne.

A yanzu akasin haka ake yi. Aikin titi yana cikin manyan abubuwan da suke tsinka igiyoyin sadarwa a ƙasar nan, hukumar NCC ta sha faɗa, kuma ko da yake tun 2024 aka sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare, mai tuƙa katafila ba ya ganin doka a cikin ƙasa, taswira yake bukata, ita kuwa ba a ba shi ba. Na gani da idona wata safiya a kan hanyata ta zuwa aiki. An haƙa rami a gefen titi domin kwalbati, ga wani baƙin bututu ya leƙo daga cikin jar ƙasa an datse shi biyu, siraran zaruruwa kamar gashin masara suna reto a bakinsa, yara 'yan makaranta sun tsaya suna ja suna wasa da su. A ranar, tun daga hantsi har bayan la'asar, mai POS na bakin ofishinmu yana zaune ya rafka tagumi, layin mutane ya miƙe a gabansa, kowa yana ɗaga waya sama yana duba ko sanda ɗaya ta dawo. Ni ma ina cikin layin, domin kuɗin keken komawa gida nake son cira. Da na ga rana tana neman faɗuwa, na karɓi rancen naira 600 a wajen mai gadinmu, na fita bakin titi na tsaya tare da sauran masu jira.